Mo Ibrahim da wayar salula: Wa zai ba yaranmu jari?

Duk ɗan kasuwar da ke ɗaukar doya ko masara daga Onklou zuwa Djougou, ko yake kai kaya Arzeke ta Parakou da Malanville, ya san abin da wayar salula ta yi masa. A da sai mutum ya hau mota da kayansa, sai ya isa kasuwa sannan ya ji farashi. Yau kafin a ɗaure buhu an riga an yi ciniki. Ɗaya daga cikin waɗanda suka buɗe wannan hanya a Afirka shi ne Mo Ibrahim, kuma muna ganin akwai abin dubawa a tarihinsa ga masu dukiyarmu.

An haifi Mohammed Ibrahim a Sudan a 1946, ɗan ƙabilar Nubiya. Ya yi karatun injiniya a Jami'ar Iskandariya ta Masar, ya wuce Ingila ya ƙaro ilimi a Bradford da Birmingham, inda ya ƙware a kan sadarwar tafi-da-gidanka. Ya yi aiki da kamfanin British Telecom, sannan a 1989 ya ajiye albashi ya kafa nasa kamfanin, MSI, mai tsara wa kamfanonin waya layukansu. A 1998 ya kafa wanda daga baya aka sani da Celtel.

A lokacin manyan kamfanonin Turai na gudun Afirka, suna cewa talaka ba zai iya biyan kuɗin waya ba, ga kuma cin hanci. Bankuna ma suka noƙe. Shi kuwa sai ya nemi abokan tarayya da za su sa kuɗinsu a raba riba da asara, ya kuma dogara da katin waya da ake saye kafin a kira, daidai ƙarfin aljihun mai talla da ɗan dako. Ya kafa doka cewa duk kuɗin da ya haura dala 30,000 sai hukumar daraktoci ta sa hannu, don kada wani jami'i ya samu ƙofar matsa wa manaja lamba. Celtel ta shiga Nijar a 2001. A 2005 kamfanin MTC na Kuwait ya saye ta a kan dala biliyan 3.4, lokacin tana aiki a ƙasashe fiye da goma. Daga nan ya koma zuba jari a kamfanonin Afirka ta hannun Satya Capital, ya kuma kafa gidauniyarsa a 2006, wadda ta ba Mahamadou Issoufou na Nijar kyautarta ta shekarar 2020.

Amfanin da kasuwa ta samu ba jita-jita ba ne. Wata masaniyar tattalin arziki 'yar Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa shigowar waya ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Sai dai akwai abin da ya kamata ya dame mu. Celtel ta koma Zain, sannan a 2010 kamfanin Bharti Airtel na Indiya ya sayi harkar Afirka a kan dala biliyan 10.7. Mu ne masu sayen kati, amma mallakar ta tashi daga Larabawa zuwa Indiyawa. Nan Benin Celtel ba ta taɓa aiki ba, to amma MTN da Moov da muke riƙe da su, su ma jarinsu daga waje ya zo.

Abin mamakin shi ne, irin wannan jari ba baƙo ba ne gare mu. Kakanninmu fatake da suka bi hanyar goro daga Kano zuwa Gonja suna yada zango a Djougou, da shi suka yi arziki. Maigida ya ba yaronsa jari, ba da ruwa ba. In an samu a raba, in an faɗi ba da sakaci ba, mai kuɗi ya ɗauki asarar kuɗinsa, yaro ya yi asarar wahalarsa. Malamai suna kiransa kiradi. Abin da masu zuba jari a sababbin kamfanoni ke yi ke nan, illa su suna rubuta yarjejeniya, suna duba littafin shiga da fita, kuma sun san cikin yara goma ƙila biyu ne za su maido da kuɗin sauran.

Mu kuwa jarinmu ya taru wuri guda: shinkafa, atamfa, motocin kwatano da man fetur. Da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, mun ga yadda kaya suka kwanta. Da aka rufe gadar Malanville da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, manyan motoci suka yi layi, albasa ta ruɓe, wasu suka karye. Dukiyar da sa hannun mutum ɗaya ke iya tsayar da ita tana bukatar wata ƙafar.

Ba muna cewa kowa ya kafa kamfanin waya ba. Amma Jami'ar Parakou, wadda aka kafa a 2001, tana yaye ɗalibai, kuma a unguwanninmu akwai samari masu gyaran waya, masu rumfar tura kuɗi, da masu iya tsara manhajar da za ta haɗa mai kaya da mai mota, ko ta riƙe wa ɗan kasuwa lissafin bashi. Banki na tambayarsu takardar fili, ba su da ita. Alhajin da zai ba yaro miliyan biyar na sefa ya tafi sarin goro ba ya ba wannan ko dubu ɗari biyar, don bai ga kaya a ƙasa ba.

Shawararmu ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Djougou da Parakou ita ce su ware wani kaso na adashinsu, su saurari waɗannan samari, a rubuta rabon kowa gaban shaidu, a riƙa duba littafi duk wata. Su ma samarin su sani, abin da ya jawo wa Mo Ibrahim kuɗin mutane shi ne tsabtar lissafi da riƙon amana. In ba haka ba, wani zai zo daga nesa ya ba su jarin, mu ci gaba da biyan kuɗin kati. Allah Ya sa mu dace.