Sanƙarau: sunan wa ke gaba a takardun binciken da ake yi a Yamai?

A watan Afrilun 2015 hukumomi suka rufe makarantun Yamai na 'yan kwanaki saboda sanƙarau. Kafin damina ta kankama, sama da mutum 8,000 sun kamu a faɗin Nijar, fiye da 500 sun rasu, allurar rigakafi kuma ta yi ƙaranci.

A 2016 mujallar The Lancet Infectious Diseases ta Ingila ta buga cikakken bayanin annobar. Nau'in C na ƙwayar cutar ne ya yi ɓarnar, alhali rigakafin MenAfriVac da aka fara a 2010 nau'in A kaɗai yake tarewa. Sunan farko a jerin marubutan shi ne na Fati Sidikou, mai bincike a cibiyar CERMES ta Yamai.

Wurin da suna ya faɗo ba wasa ba ne. A al'adar masu bincike, na farko shi ne ya ɗauki nauyin aikin, na ƙarshe kuwa galibi jagoran ayari ne. A 2007, da wannan cibiya ta sanar da duniya yadda nau'in X ya bazu a Nijar a 2006, Pascal Boisier ne a gaba, Suzanne Chanteau a ƙarshe, dukansu Faransawa. Sunayen 'yan ƙasa suna tsakiya. Aikin ya yi kyau, ba a musu, kuma haɗin gwiwa da cibiyar Pasteur ya kawo kayan aiki da horo. Amma ambato da gayyata da kuɗin bincike na gaba, bakin layi suka fi bi.

Yau matasan malaman jami'o'in Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa kan leƙa Google Scholar kamar mai duba farashin gero. Ba laifinsu ba ne, tunda ƙarin girma a hukumar CAMES sai da takardun da aka buga. Akwai ma ma'aunin h, wanda wani masanin Amurka, Jorge Hirsch, ya fito da shi a 2005: mai lamba 20 yana da takardu 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Sai dai ma'aunin makaho ne. Bai san bambancin wanda ya tsara bincike da wanda aka liƙa sunansa na goma sha biyu ba.

Ya kamata jami'o'i da ma'aikatar lafiya su riƙa tambayar abin da lamba ba ta faɗa: sau nawa mai binciken ya jagoranci aiki, kuma wace shawara aikinsa ya canza? Labarin nau'in X ya isa misali. A lokacin babu rigakafinsa ko ɗaya. Bayanan Nijar na cikin hujjojin da suka nuna barazana ce ta gaske, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allurar Men5CV mai tare nau'i biyar har da X. A 2024 aka yi amfani da ita a Najeriya da Nijar.

Duk wannan ya faro ne daga ma'aikacin jinya a ƙaramin asibitin karkara, wanda ya ɗebo ruwa daga gadon bayan yaro mai zazzaɓi, ya cika takarda, ya aika samfurin Yamai cikin zafin bazara. Shi ko a tsakiyar jerin ba kasafai ake ganin sunansa ba.