Ba Gajiyar Tafiya Ba Ce, Hayaƙi Ne

Duk mai kai farar albasar Sukukutane kasuwar Dogondutsi ya san ciwon kai da jirin da kan kama mutum a cikin mota. Mukan ce gajiya ce ko zafin rana, alhali wani lokaci hayaƙin inji muke shaƙa.

Akwai wani gasket tsakanin kan inji da bututun da ke kai hayaƙi salansa. Idan ya ƙone, sai hayaƙi ya riƙa fita a gaban mota yana shigowa inda muke zaune. A cikinsa akwai iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ke hana jini ɗaukar iskar numfashi. Mai ciki da jaririn goye su ne suka fi cutuwa.

Alamar ba ta ɓuya: ƙarar tak-tak in an tada mota da safe, wadda kan lafa idan inji ya ɗau zafi, da baƙin hayaƙi a gefen injin.

Gyaran ba wani abin a zo a gani ba ne. Makaniki zai bari inji ya huce, ya kwance notuna, ya kankare wurin, ya sa sabon gasket, ya ɗaure daga tsakiya zuwa gefe. Liƙi da gam ko gwangwani ba ya daɗewa a wannan zafi.

Don haka muna kira ga direbobi da shugabannin tasha da su daina barin irin wannan mota tana lodi. Mu kuma, 'yan'uwa, da kuɗinmu muke shiga. In mun ji ƙarar nan, mu sauke gilashi, mu gaya wa direba gaskiya. In ya ƙi gyara, mu jira wata motar.