Ba Kowane Hakin Tsohuwa Ne Tsufa Ba

Akwai wata cuta da ke rikita bugun zuciya, har ɗakunanta biyu na sama su riƙa karkarwa maimakon su matsa jini bisa tsari. Yawanci tana kama waɗanda suka haura shekara 60, ta fi yawa kuma ga masu hawan jini. Illarta biyu ce: jini yakan daskare a cikin zuciya, gudan ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye, ko kuwa zuciyar ta gaji ta gaza, ruwa ya taru a huhu da ƙafafu.

An daɗe da sanin cewa maza sun fi kamuwa da wannan cuta, kuma da wuri. Amma a shekarar 2016 masanan jami'ar Okasfod ta Ingila sun tattara bincike 30 da aka yi a kan mutum fiye da miliyan 4, suka tarar idan ta kama mace ta fi yi mata ɓarna. Ƙarin haɗarin shanyewar jiki da take jawo wa mace ya kusa ninki biyu na wanda take jawo wa namiji, haka kuma ƙarin haɗarin gazawar zuciya ya ɗara nasa, ko da yake da ɗan rata kaɗan. Zuciyar tsohuwa takan yi tauri ta kasa cika da jini sosai, alhali ta namiji ta fi saurin yin laushi. Zuciya mai tauri kuwa ba ta jure bugun da ba shi da tsari.

Galibin waɗannan alƙaluma daga ƙasashen Turai da Amurka suke. A ƙasar Hausa mace takan shiga tsufa da zuciyar da ta riga ta sha wuya. Tun cikin shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wato Davidson da Parry, suka bayyana yawan gazawar zuciya ga masu jego, suka ɗora laifi a kan kunun kanwa da wankan ruwan zafi. Binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano ya jagoranta, wanda aka buga a 2020, ya ƙara nuna hannun rama da hawan jinin ciki. Ga kuma ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a yi wa magani ba, wanda yakan lalata ƙofofin zuciya, ya fi samun mata, shi ma kuma yana haifar da rikicewar bugu. Matar da ta haihu takwas ko goma ta bi ta waɗannan ƙofofi duka.

To, me ke faruwa a Dutse da Kiyawa da Miga? Dattijo idan ya kasa zuwa gona ko kasuwar Shuwarin, nan da nan 'ya'ya za su nemi mota. Amma gwaggo da ke cikin gida, idan ta fara haki tsakanin ɗaki da madafa, ta kasa kwanciya sai ta jingina da bango, sai a ce girma ne, a jiƙa mata saiwa. Ita ma kunya da kawaici ba za su bar ta ta faɗa ba.

Babu shakka an yi ƙoƙari wajen kula da masu ciki. Aikin da ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF ta fara a asibitin Jahun a 2008 shaida ne. Sai dai kamar an ɗauka mace ta gama da asibiti ran da ta daina haihuwa.

Gano wannan cuta ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Yatsu biyu a wuyan hannu na minti ɗaya sun isa a ji bugun da ke tsalle. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Jigawa ta umarci kowace ɗakin shan magani ta auna jini da bugun duk tsohuwar da ta shigo, ko da jika ta rako rigakafi. Wadda aka yi shakka a kanta a tura ta asibitin Rasheed Shekoni a Dutse ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, a ɗauki zanen bugun zuciyarta. Maganin tsinka jini yana rage haɗarin shanyewar jiki da kusan kashi biyu cikin uku, amma wanda ya fi araha yana bukatar awon jini a kai a kai, don haka lalle a samar da awon a manyan asibitocin ƙananan hukumomi.

Ma'aikaci ko ɗalibin da zai je gida hutun ƙarshen mako, ya riƙe hannun mahaifiyarsa ya ƙirga, ya kuma duba ƙafafunta.