Kafin ki shiga kwale-kwale da goyo

Koguna sun cika, ga biki da cin kasuwa a tsallake. Har yau ban manta da hatsarin Bagwai na 2021 ba, inda kwale-kwale ya kife da 'yan Islamiyya saboda lodi ya wuce kima.

Kafin ki shiga, dubi bakin jirgin. In ya kusa shafar ruwa, haƙura ki jira na gaba. Ban da tafiyar dare. Nemi rigar kariya daga nutsewa ki ɗaure ta tsaf, yaro ma a ba shi daidai jikinsa.

Sauke goyo ki rungume shi a gaba, domin in aka faɗa ruwa yana bayanki, ba kya ganin fuskarsa. Tattare hijabinki, ki zauna, kada ki miƙe sai an tsaya.

Ga shawarar ma'aikaciyar jinya: in an tsamo yaro ba ya numfashi, kada a tsaya matsa masa ciki. A hura masa iska a baki, a riƙa danna ƙirjinsa, a garzaya asibiti. Ko ya farfaɗo a kai shi, don huhu kan rikice daga baya.

Allah Ya tsare mana zuri'a.