Wai Ruwan da Ya Wuce Asara Ne

An sake tono maganar gina madatsar ruwa ta Kafin Zaki a Bauchi, kuma waƙar ba ta sauya ba: wai ruwan kogin Jama'are yana tafiya a banza, gara a tare shi a noma rake da shinkafa. A banza! Wato da zarar ruwa ya gota gonar mai magana ya zama asara ke nan, ko mutum nawa ke zaman jiransa a gangare.

Mu a Dogo ba sai an karanta mana amfanin ruwan kwance ba. Raken da ake ci daga kwarin Korama ba injiniya ya kawo masa ruwa ba. Ruwa ne da aka ƙyale ya malala, ya nutse, har mai lambu ya tona rami kaɗan ya tarar da shi. Wanda bai taɓa jan guga ba shi ke kiran wannan asara.

A je a dubi abin da aka yi wa Haɗeja da Nguru. An gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, aka ƙara da ta Challawa a 1992. Kafin nan, in damina ta yi kyau, ambaliya kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 na fadama. A cikinta tarwaɗa da karfasa ke zuba ƙwai, a cikinta ake shuka shinkafa, in ruwa ya janye shanun Fulani su sauko ciyawa. Yanzu fa? Ambaliyar ta ragu, sai ɗan ruwan da ake saki rani da damina don masu noman Kadawa. Kogi ba ya bushewa, ba ya kuma cika ya wanke kansa. Abin da kacalla ke so ke nan. Ta fi tsayin mutum, ta shaƙe hanyoyin ruwa, kwalekwale ba ya ratsa ta. Masunci ya ajiye koma ya ɗauki lauje, ya shiga ruwa iya ƙirji yana yankan ciyawa, bayan wata guda ta dawo kamar ba a taɓa ta ba. Ruwa ya karkata ta rafin Marma ya cinye gonaki, wasu garuruwan kuma suna kallon busasshen rafi. A cikin kacallar nan jan-baki ke kwana, gari na wayewa ya faɗa wa shinkafa. To, madalla. An kori kifi an yi kiwon jan-baki, sunan abin ci gaba.

In ka ambaci agwagin dajin da ke tasowa daga Turai su yi hunturu a Dagona, ko gaurakar da yaran yanzu ba su sani ba sai a tatsuniya, sai a yi maka dariya: tsuntsu za mu ci? Ba wanda ya ce ku ci. Amma fadamar da gauraka ta gudu daga gare ta, masunci ma yana kan hanya. Wasu kuma su ce laifin fari ne. Fari ya gina bangon Tiga?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, Jama'are ce kaɗai babbar da ta rage ba a ɗaure ba, kuma ita ke riƙe da Komadugu Yobe har ta kai Difa da tafkin Cadi. Tattasan Difa da ake fariya da shi a kasuwannin Najeriya, daga ruwan nan yake. An tambayi mutanen Difa? An tambayi Maraɗawa lokacin da aka datse kogin Gada a Jibiya, Gulbi ya koma zuwa a makare yana tafiya da wuri? Akwai yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan rabon ruwan kogunan da suka haɗa ƙasashen biyu. Tana nan lafiya lau a cikin durowa.

Namu na Yamai ma kada su yi murmushi. Tun 2008 ake aza tubalin madatsar Kandaji, kuma a 2017 aka ware wa dorina mafaka a yankin. Dorinar Ayoru da ayu ba sa karanta dokar gwamnati. Abin da suka sani shi ne hawa da saukar kogi, kuma shi ne madatsa ke kashewa.

Tsakaninmu da Kano dai ba yau aka fara ba. Da Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga ya tasar wa Sarkin Kano Alu, aƙalla da rana tsaka ya fito, da tambura da bindigogi, kowa ya gan shi tafe. Kanawa ko nasu harin da siminti suka kawo shi, suka yanka ƙyalle, aka yi musu tafi, yanzu Bauchi ta ce ita ma a ba ta almakashi.