Keken Da Ba Ya Barin Zaure

A wannan fitowa zancenmu a kan ƙafafun dattawanmu ne, da kuma wani irin keke da ake tuƙawa ba tare da ya gusa daga inda aka kafa shi ba.

Abin da ya jawo zancen shi ne halin da na tarar da wani kawuna a ciki. Wannan bawan Allah ya yi shekara arba'in da wani abu a kan keke. Da shi yake ɗaukar albasa da shinkafa, ya haye gada zuwa Gaya da sanyin safiya, ya komo Malanville kafin azahar. Shekaru kaɗan da suka wuce wani mai babur ya goge shi kusa da babbar kasuwa, ya faɗi ya gurje gwiwa. 'Ya'yansa suka taru suka jingine keken a bayan ɗaki, suka ce, "Baba, ka huta haka nan. Duk inda za ka, a kira maka ɗan kabu-kabu." Sun yi haka ne don ƙauna da tausayi, babu mai ganin laifinsu. Amma da na je gaishe shi, sai na ga mutumin da yake hawa gangare da buhu biyu a bayansa ba ya iya tashi daga tabarma sai an miƙa masa hannu, salla ma a kan kujera yake yi. Na ce, "Kawu, ina ƙarfin jiki?" Ya ce, "Ɗana, ba ciwo ne ya kayar da ni ba, hutu ne."

Ba shi kaɗai ba ne. Babura sun cika hanya har tsoho yana tsoron fita da keke. Rufe gada da aka yi a ƙarshen watan Yuli na 2023, bayan juyin mulkin Nijar, ya zaunar da masu ƙananan fatauci da yawa. Ga kuma zafin bazara daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'aunin zafi kan wuce 40. Duk waɗannan sun haɗu da al'adarmu ta cewa babba ya zauna a yi masa komai.

To, likitoci sun tabbatar cewa tsokar jiki tana raguwa da shekaru, kuma zama wuri ɗaya yana gaggauta raguwarta. Tsokar cinya ita ce ke tallafe gwiwa, ita ke ɗaga mutum daga zaune, ita ke tare shi idan ya yi tuntuɓe. Idan ta yi rauni sai faɗuwa ta biyo baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 684,000 ke rasuwa kowace shekara sanadiyyar faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne abin ya fi shafa. Shi ya sa a shawarwarin da ta fitar a 2020 ta nemi mai shekara 65 zuwa sama ya sami motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, ya ƙara da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu, da na daidaita tsayuwa kwana uku.

Keke na girke, wato wanda aka kafa a wuri ɗaya, yana biyan kaso mai yawa na wannan bukata. Sirdi ne ke ɗauke nauyin jiki, saboda haka gwiwa ba ta shan wahala kamar a doguwar tafiya, kuma babu babur, babu rami, babu rana. Aibinsa guda ne: gundura. Mutumin da ya saba ganin gonaki da kogi yana wucewa, ba zai daɗe yana murza feda yana kallon bango ba. Kwana biyar ko shida sai keken ya koma maratayar riguna.

Wannan matsala ce wasu ƙasashe suka nemi magancewa da abin da masu Faransanci ke kira réalité virtuelle, wato hoton kwamfuta da ke sa mutum ya ji kamar yana cikin wurin da yake kallo. Wani lokaci tabarau ne na musamman ake ɗaura wa mutum a fuska, wani lokaci kuma allon talabijin ne a gaban keken: idan ya murza feda hanya ta riƙa tahowa, idan ya tsaya ta tsaya. A 2012 wata malamar kwalejin Union a jihar Niyok ta Amurka, Cay Anderson-Hanley, da abokan aikinta suka buga sakamakon gwajin da suka yi na wata uku a gidajen dattawa guda takwas. Sun raba mutanen gida biyu, wasu a keke na girke zalla, wasu a keke mai allo inda suke bin hanya suna tsere da mahaya na kwamfuta. Mutum 63 ne suka kai ƙarshen gwajin, kuma masu keke mai allo sun fi sauran ci gaba a jarrabawar tsara tunani da mayar da hankali. Mutanen ba su da yawa, don haka kada a ɗauki abin a matsayin maganin ruɗewar tsufa, amma ishara ce mai kyau cewa ƙafa da ƙwaƙwalwa sun fi amfana idan suka yi aiki tare.

A birnin Bergen na ƙasar Nowe kuma wani kamfani mai suna Motitech ya fito da tsarin Motiview, inda ake ɗaukar bidiyon titunan garuruwa a nuna wa tsofaffi suna tuƙi. Tun 2017 suka fara shirya gasa tsakanin gidajen kula da tsofaffi na ƙasashe daban-daban, ana ƙirga kilomitar da kowane gida ya yi. A Suwidin ma akwai BikeAround, wanda ke amfani da hotunan tituna na Google: tsoho ya faɗi unguwar da ya tashi, sai a buɗe masa ita ya zagaya.

Mai karatu zai ce, ina ruwanmu da kayan Turai masu tsada, mu da wutar lantarki ma sai an yi haƙuri da ita? Gaskiya ne. Amma duk wanda ya duba waɗannan misalai zai ga cewa ba tsadar na'ura ce sirrin ba. Abin da ke riƙe tsoho a kan sirdi abu biyu ne: hanyar da ya sani, da abokan da za su tambaye shi yau ina ya kai. Waɗannan biyun kuwa muna da su a cikin gidajenmu.

Ga abin da muka yi wa kawu. Mun fito da tsohon kekensa muka kai wa mai gyara ya duba sarƙa da birki. Mai walda ya ƙera masa ƙafafu na ƙarfe masu faɗi waɗanda suka ɗaga tayar baya daga ƙasa suka kuma danne ta gaba, ya sa ɗan gargare yana gogar tayar domin feda ta yi nauyi kaɗan. Wani jikansa ya hau bayan babur, aka tafi da shi sannu a hankali, ya ɗauki bidiyo da waya: daga ƙofar gida zuwa kasuwa, daga nan zuwa gonakin shinkafa, sannan hanyar Guéné. Aka kafa keken a zaure, aka jingina wayar a gabansa. Ranar farko minti biyar ya yi, yana kiran sunayen masu rumfuna, da waɗanda ke raye da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Yanzu yakan yi minti ashirin bayan asuba, kuma abokansa biyu kan zo su karɓi layi.

Duk wanda zai gwada, ga abin da ya kamata ya kiyaye. Mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko ciwon sukari, ya fara ganin likita. A fara da minti biyar zuwa goma, a riƙa ƙarawa mako-mako. Ma'aunin ƙoƙari shi ne numfashi ya ɗan ƙaru amma mutum yana iya magana. Idan ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi na sarƙewa, ya sauka nan take a nemi likita. A daidaita sirdi yadda gwiwa za ta ɗan lanƙwasa idan feda ta kai ƙasa, kuma wani ya tsaya kusa lokacin hawa da sauka, domin a nan ne aka fi faɗuwa. A nisantar da yara daga tayar da ke juyawa. A zaɓi sanyin safiya ko bayan la'asar, da ruwan sha a kusa. A watan azumi kuma a bari sai bayan buɗe baki. Tabarau na musamman yakan sa wasu jiri da tashin zuciya, don haka allo a fili ya fi dacewa da tsoho. Mai ɗaukar bidiyo kada ya haska jami'an tsaro, ko shingayensu, ko gada, kuma kada ya ɗauki fuskokin mutane ba da izininsu ba.

A kuma sani cewa keke ba ya koya wa jiki daidaita tsayuwa. Saboda haka kada ya maye gurbin tattaki zuwa masallaci da gaisuwar makwabta, kuma a haɗa da tashi da zama daga kujera sau goma, safe da yamma.

Iyayenmu mata ma kada a bar su a baya. Wadda ba ta taɓa hawa keke ba, mai walda zai iya kafa mata feda a gaban kujera mai majingina, ta murza tana zaune a tsakar gida cikin suturarta. Wanda ke da niyyar aikin Hajji kuwa ya tuna cewa sa'ayi kaɗai, tsakanin Safa da Marwa sau bakwai, ya haura kilomita uku, ban da ɗawafi da tafiyar Mina. Guzurin ƙafa tun daga gida ake yin sa.

Girmama iyaye wajibi ne, amma zaunar da su ba shi ne girmamawa ba. Mu ɗauke musu kaya, kada mu ɗauke musu motsi. Kawu bai koma titi ba, amma makon jiya na gan shi ya tashi daga tabarma ba tare da ya nemi hannun kowa ba.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana mai albarka. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.