Kafin A Hau Kwando, A Duba Lamba

Sanin kowa ne cewa matasanmu da dama a Jidda, daga Karantina zuwa Sabil da Hindawiyya, suna cin abinci ne a wajen ƙananan 'yan kwangila masu gyaran fitilun titi da wayoyin lantarki. Motar aikin tana ɗaga ma'aikaci a cikin kwando da ƙarfin man haidirolik, don haka ransa na rataye ne a kan tiyo da bawul ɗin da ke riƙe hannun motar.

Kamfanonin da ke ƙera irin waɗannan na'urori, kamar Altec da Terex na Amurka, sukan gano aibu a kayansu, su yi shelar a mayar a gyara kyauta. A nan Saudiyya ma Ma'aikatar Kasuwanci tana da cibiyar kiranyen kaya masu aibu, inda ake bincikawa da lambar shasi. Matsalar ita ce shelar kan tsaya a wajen wakilin kamfani da mai sayen farko. Da zarar mota ta bi ta haraj ta zama gwanjo, wanda zai hau kwandon ba ya jin komai. Bugu da ƙari, sau da yawa kamfanin da ya ƙera motar daban, wanda ya ƙera hannun daban, kowanne da lambarsa. Duba shasi kawai bai wadatar ba.

Ba mu manta da ranar 11 ga Satumba, 2015 ba, lokacin da ƙugiyar gini ta faɗo a Masallacin Harami, fiye da mutum 100 suka rasu. Bincike ya nuna ba a bi ƙa'idar masu ƙera ta ba.

Saboda haka muna kira ga masu motoci su binciki lambobin biyu, su kai gyara ba tare da jinkiri ba, musamman da yake zafi da iskar gishiri ta Bahar Maliya suna saurin cinye tiyo. Matasa kuma kada kunya ko tsoron kafili su sa ku hau kwandon da ke sauka da kansa ko yake yoyon mai. Kada a laluba yoyo da hannu, domin ƙarfin man na iya huda fata. Wakilin da ya ƙi gyara, a kai ƙararsa ta lambar ma'aikatar, 1900.

Shugabannin unguwanni da limamai su taimaka wajen isar da wannan saƙo. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya kiyaye, amin.